Ruwan Wankan Jego

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin gallaya a wata masana'antar sabulu da ke Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta Jidda. Gallaya ita ce ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ke dafa ruwa ta ba injuna tururi. Da dizil take aiki, man da a gida Damagaram muke ce wa gazuwal. Aikina in kunna ta, in tsare wutarta, in kankare baƙin hayaƙin da ke manne mata a ciki. Daga jin ƙararta kawai nakan san ko lafiyarta ƙalau.

A unguwar Sa'alaba muke haya, ni da maiɗakina, a wani tsohon gida mai hawa biyu. Mai gidan tsohuwa ce haifaffiyar Jidda, kakanninta ne suka zo hajji daga ƙasar Hausa suka zauna. Hausarta rabi Larabci ce. Muna ce mata Hajiya, ita kuma ta ce mini "ya waladi", wato ɗana, ta ce wa matata "'yata". Tana zaune a ƙasa. A sama mu ne da wani magidanci ɗan Chadi, direban motar kaya, da iyalinsa. Mitar wuta ɗaya ce ga gidan duka.

Shekara tara da aurenmu ba mu sami haihuwa ba. Mun je asibiti, mun sha na gargajiya da ake aiko mana daga gida, mun roƙa a Harami har muka daina faɗa wa juna abin da muke roƙo. A shekara ta goma ciki ya samu. Maiɗakina ba ta gaya mini ba sai da ya cika wata uku. Ta ce tsoro take ji kada ta faɗa ya gudu.

Hajiya ce ta fara kawo maganar ruwa. Wata Juma'a ta tsayar da ni a bakin matattakala, tana lissafin watanni da yatsunta.

"Ya waladi, haihuwar nan cikin sanyi za ta faɗo. Ina za ku sami ruwan jego?"

Na ce ai akwai sahhan, wato abin dumama ruwa na lantarki da ke rataye a bayinmu.

"Wannan ɗan gwangwanin? Bokiti ɗaya ya ƙare. Mai jego safe da yamma take wanka, kwana arba'in. In ka bar shi a kunne kuma, faturar kuɗin wuta ta zo mu yi ta kallon juna."

Gaskiya ta faɗa. A Jidda yawancin shekara ruwan tankin saman soro da zafinsa yake saukowa, sai ka tara a bokiti ya huce kafin ka yi wanka. Amma wata biyu zuwa uku na sanyi, ruwan asuba yakan sa mutum ya ɗauke numfashi. Kuma a lokacin an ƙara kuɗin wuta, duk ranar da takardar ta zo gaisuwa ma takan yi gajarta a gidan. A Damagaram da itace za a jibge a tsakar gida, a girka babbar tukunya, shi ke nan. A nan ba inda za ka hura itace. Na yi tunanin dafawa a kan gas, sai na hango Hajiya da gwiwoyinta masu ciwo tana jan tukunyar tafasasshen ruwa daga kicin zuwa bayi. Na ce a'a.

A wurin masu sayar da tsohon ƙarfe na same ta, wata ƙaramar gallaya da aka cire daga wani gidan wanki da guga. Tsayinta bai wuce ƙirjina ba. Ta yi tsatsa daga waje, amma da na leƙa cikinta da tocila na ga ba ta huje ba. Maƙwabcina ya ɗauko ta a motarsa, mu biyu muka hau da ita saman soro muna nishi. A sarari na girka ta, don hayaƙin dizil ba abin shigarwa ɗaki ba ne, na yi mata dogon bututun hayaƙi da ya wuce katanga.

Juma'a bakwai na yi a kanta. Na kwance bakin da ke fesa man na wanke shi, na sauya abin da ya ci. Duk dabarar da na koya a wurin aiki ta rage shan mai na zuba ta a nan. Na naɗe jikin tukunyar da bututun ruwan da audugar gilashi don kada zafi ya tsere a hanya. Na bi da bututun ta inda ya fi kusa da bayi. Na shafa wa wata tsohuwar ganga baƙin fenti na sa ta a gaba, rana ta fara ɗumama ruwan kafin ya shiga tukunya, wuta ta ƙarasa sauran. Na daidaita iska har harshen wutar ya tsaya fes ba baƙin hayaƙi, domin hayaƙi mai ne da aka saya bai ƙone ba. Kuma ba a bar ta tana ci duk yini ba. A kunna da safe ɗan lokaci, a kunna da yamma, ruwan ya riƙe zafinsa.

Maiɗakina takan hau ta zauna a matakalar ƙarshe, ta jingina da bango, cikin ya yi gaba, tana cin mangwaro da gishiri tana kallona.

"Maigida, baƙon nan bai iso ba ka riga ka gina masa masana'anta."

"Ki bari ya zo, shi zan naɗa mudir, ya shugabance ta."

"In mace ce fa?"

"Ai ta fi iya ba da umarni."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu.

Da sauran bututun jan ƙarfe da ya rage na yi wani abu da ba wanda ya sa ni. Na lanƙwasa shi hawa huɗu kamar ƙaramin tsani, na kafa a bangon ɗakinmu kusa da gado, na haɗa shi da ruwan zafin. In an kunna tukunya sai ya ɗumama, ya cire sanyin ɗakin, a kuma shanya kayan jariri a kai don kada a sa masa zane mai sanyi.

Da sanyi ya fara na ja bututu zuwa bayin Hajiya da na maƙwabcina, muka kashe sahhan uku na gidan. Faturar watan nan da ta zo, Hajiya ta hau matattakalar da ta daɗe ba ta hau ba, ta tsaya gaban tukunyar tana haki.

"Masha Allah, tabarakallah. Wannan mummunar aba ce ta yi wannan aiki?"

Naƙuda ta tashi ranar Talata da hantsi ina wurin aiki. Hajiya da matar maƙwabcina suka kai ta asibiti a tasi. Kafin in sami izini in iso, ta haihu. Mace ce. Amma ba ta yi kukan da ake jira ba, aka wuce da ita ɗakin da ake sa jarirai cikin gilashi. Likita ya kira ni gefe, ya zana mini zuciya a bayan wata takarda, ya nuna inda ba ta haɗu daidai ba. Ya yi magana a hankali, na ji kowace kalma, amma sai kallon biron hannunsa nake yi.

Kwana biyu ta yi. Ta gilashi na gan ta, da wayoyi a ƙirjinta, ƙafarta ba ta kai tsawon babban yatsana ba. Uwarta sau biyu aka tura ta a keke ta leƙa. Ba a ba mu ita mun riƙe ba. Ranar Alhamis bayan azahar ta koma.

A wurin wankan gawa na masallaci aka shirya ta, aka yi mata salla bayan la'asar. Ba a buƙaci makara ba. A kan hannuwana biyu na ɗauke ta, maƙwabcina yana tuƙi, wasu abokan aikina huɗu suna biye. Karon farko da na riƙe ta ke nan. Da muka gama na tsaya ina neman abin da zan riƙe wurin da shi a ido, amma kaburburan nan duk iri ɗaya ne, ba rubutu, ba alama.

An sallamo maiɗakina ranar Juma'a. Ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Mata suka yi ta shigowa gaisuwa, tana amsawa da kai.

Asabar bayan na dawo daga sallar asuba ina zaune a falo, ban kunna fitila ba. Na ji takun Hajiya a matattakala, hawa ɗaya ta huta, hawa ɗaya ta huta. Ta ƙwanƙwasa.

"Ya waladi, ban ji ƙarar tukunya ba."

Na ce, "Hajiya, ai ba sauran amfani."

"Wa ya gaya maka? Wadda ta haihu ta haihu. Jikinta bai san an binne ba. Yalla, tashi ka kunna."

Daga cikin ɗaki maiɗakina ta ce, "Hajiya, ki bar shi. Ba zan yi ba."

Tsohuwar ta wuce ni ta shiga. Ina jin ta tana cewa, "'Yata, ni uku na binne, duka ukun na yi musu wanka. Ba don daɗi ba. Tashi, riƙe kafaɗata."

Na hau saman soro. Na buɗe mai, na danna, wuta ta kama a bugu ɗaya. Da ma ta ƙi, da na sami abin da zan yi wa faɗa. Na sauka na je bakin masallacin layinmu na karyo rassan darbejiya, na wanke, na ajiye a bakin bayi, na koma sama.

Bayinmu yana da 'yar taga da ke buɗewa cikin ramin iska na tsakiyar gida, bakin ramin kuma yana nan kusa da inda tukunyar take. Ban taɓa lura ba sai ranar. Na ji ruwa yana zuba a baho. Na ji ganye yana sauka a jiki, fat, fat. Sai na ji kukanta. A asibiti ba ta yi ba, gaban mata ba ta yi ba. Kuka ne daga can ƙasan ciki, irin wanda ban san muryarta tana da shi ba. Hajiya ba ta ce mata ta yi shiru ba, sai dai ta ce, "Juyo. Ɗaga hannu." Ni kuma na tsuguna bayan tukunyar na sa fuskata a gwiwa. Ƙarar wutar ta rufe nawa kukan.

Da na sauko na shiga ɗaki ɗaukar rigar aiki, sai na ga abin da na manta. Bututun bango ya ɗumama. A kansa akwai 'yan zannuwa uku da hular ulu guda, waɗanda ta wanke ta shanya tun kafin naƙuda. Na taɓa su, ɗumi kamar yanzu aka cire su daga jikin mutum. Na fara tattarawa da sauri kafin ta fito, na miƙa hannu zan rufe famfon da ke ba bututun ruwa.

"Bar su."

Tana tsaye a bakin ƙofa, ɗaure da zani, tururi yana tashi daga kafaɗunta.

"Na ga kamar..."

"Bar su inda suke, Maigida."

Na mayar. Haka suka zauna. Sau biyu a yini suna ɗumama suna hucewa, ba wanda ya sa su. Wani lokaci in na shigo nakan tarar da ita zaune a gefen gado ta ɗora tafinta a kan hular.

A kwana na huɗu nono ya kawo. Rigarta ta jiƙe tana tsakiyar cin abinci, ta dubi ƙirjinta, ta ajiye cokali. Hajiya ta ɗaure ta da mayafi tam, ta hana ta kunu kwana biyu. Wannan ban iya kallo ba, na fita na yi ta tafiya har bakin babban titi na dawo.

Rayuwar ta zama kunnawa da kashewa. Bayan asuba in hau, in kunna, in karyo ganye, in kama motar ma'aikata. In dawo bayan la'asar in sake hawa. A wurin aiki ina gaban babbar gallaya yini guda, in dawo in tsaya gaban ƙarama. Ni da maiɗakina ba ma wata magana sai "ruwan ya yi?" da "ya yi." Muna kwance a gado ɗaya kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, kowa ya san ɗayan ba barci yake ba.

Akwai abin da nake ɓoyewa. A wata na bakwai, a wurin awo, an ce mana in da hali mu je babban asibiti a yi wani hoton na musamman, don ba a ga zuciyar sosai ba saboda yadda jaririyar ta kwanta. Ba a ce da gaggawa ba. Ranar da nake da hutu ɗaya ce a mako, ni kuma ina tsakiyar haɗa bututu. Na ce sati mai zuwa. Satin ya zo na ce wani satin. Daga baya da aka sake awo aka ce komai yana tafiya, maganar ta bi iska. Yanzu duk lokacin da na dubi audugar da na naɗe bututun da ita, yadda na yi ta tsaf ba inda ya buɗe, sai in ji kamar in sa guduma in farfasa komai.

Wajen kwana ashirin da biyar, da yamma, ina kankare hayaƙi daga bakin wutar sai na ji motsi. Ita ce ta hau. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta zauna a kan wani bulo.

"Da wa ta yi kama? Ni ban gan ta sosai ba. Wayoyin sun rufe."

Na ce, "Goshinki ne. Da kunnen mahaifiyata."

"Tana da nauyi?"

"Ba ta da shi."

"In ka koma za ka gane wurin?"

Na so in yi mata ƙarya. Na ce, "Na san ɓangaren. Wurin kansa ba zan gane ba."

Ta gyaɗa kai. Sai na ji bakina yana faɗin abin da na riƙe. Na tuna mata maganar hoton, na ce ni ne na yi ta ɗagawa saboda wannan ƙarfen, na ce ta yafe mini in za ta iya.

Ta daɗe tana kallon hannuna da ya yi baƙi.

"Na tambayi wata likita kafin a sallame ni. Ta ce ko an gani da wuri, da wuya a iya wani abu. Kuma ni ma ban matsa ba. Ina jin tana motsi, na ce lafiyarta lau. Ba na son a je a gano mini wani abu."

"Da wuya ta ce, ba ta ce ba zai yiwu ba."

"Haka ta ce."

Aka kira magariba, ta dafa bango ta sauka.

Ranar arba'in Hajiya ta yi mata wankan ƙarshe, ta sa mata lalle, ta dafa shinkafa da kaza aka raba a layi sadaka. Maiɗakina ta ninke zannuwan da hular da kanta ta sa a akwati. Washegari muna karyawa ta ce, "Maigida, ina so in je gida in ga Inna."

Na ce to. Na yi mata bizar fita da dawowa ta wata uku. A filin jirgi ta ce in riƙa cin abinci, kada in zauna da shayi da burodi.

Wata ukun ya cika mahaifiyarta ba lafiya, na ƙara mata. Ya sake cika. A waya ta ce mini, ba tare da kwana-kwana ba, in ta tuna matattakalar gidan nan da bayin nan sai ƙirjinta ya toshe. Na ce sai mu sauya gida. Ta ce ba gidan ba ne kaɗai, garin ne. Bizar ta mutu, iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, ta bi. Ban yi fushi ba. Aurenmu yana nan. Tana sayar da atamfa a gidan mahaifiyarta, ni ina zuwa hutu in ya samu, mu yi wata guda, in dawo. Ba a sake samun ciki ba.

Sau biyu na ɗauki sifana na hau da niyyar kwance tukunyar. Amma gwiwoyin Hajiya sun saba da ruwan ɗumi na alwala, maƙwabcina ma ya saba da sauƙin fatura. Na koya masa kunnawa, na daina hawa.

A sanyi na uku bayan tafiyarta, maƙwabcin nawa ya same ni a ƙofar gida ina cire takalmi. Ya yi ta juya makullin mota a hannu.

"Malam, ka san maiɗakina ta sauka jiya."

"Na ji. Allah ya raya."

"Amin. Tukunyar ce, tun shekaranjiya baƙin hayaƙi take yi, ruwan ba ya zafi. Wallahi na ji nauyin tambayarka. In ba za ka iya ba, halas, ba komai, sai mu dafa a gas."

Na ce ya ba ni minti biyar. Bakin fesa man ne ya toshe. Na wanke, na daidaita iska, wutar ta tsaya. Ina ɗaure murfin sai kukan jariri ya taso ta ramin iskar, mai ƙarfi, na mai jin yunwa. Na gama ɗaurewa, na goge hannu, na sauko na rufe ƙofata.

Da yammar nan na kira ta. Na gaya mata maƙwabta sun sami ƙaruwa, mace. Ta yi murna, ta ce in gaishe su, ta tambayi sunan da za a sa. Na gaya mata. Ina jin akuya tana kuka a bayanta da muryar wata mai tallan fura.

"Maigida."

"Na'am."

"Ni fa na sa mata suna. Tamu. A raina, ranar da aka tura ni na leƙa ta. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Ni ma na sa mata. A mota, kan hanyar maƙabarta, na raɗa mata a kunne."

"Wanne ka sa?"

Na faɗa. Ta faɗi nata. Ba iri ɗaya ba ne. Ta maimaita nawa sau biyu a hankali, ta ce yana da daɗi. Na ce nata ya fi. Muka zauna haka da waya a kunne, tana kuka a can ina yi a nan, har mahaifiyarta ta kira ta daga ɗaki, ta ce mini za ta je ta ba ta magani.